Awa Huɗun da Suka Ɓata a Sama

Auta na zaune a bakin gado da waya a hannu, ta kira lambar Injiniya har babban yatsanta ya yi tsami. Amsar ɗaya ce: a kashe take.

Injiniya shi ne saurayin da ta shekara uku tana jira. Aiki ya kai shi wani birni can gabashin Asiya, kuma sau biyu yana ɗaga ranar aurensu saboda an hana shi hutu. Baba ya riga ya yanke magana: in bai zo wannan karon ba, an fasa.

Yau ya taso. Kafin ya kashe waya ya gaya mata jirgi zai tashi ƙarfe goma, ya sauka ƙarfe ɗaya a wani birnin na yammacin Asiya inda zai canza jirgi, kuma yana sauka zai kira. Goma zuwa ɗaya, awa uku ke nan. Ga shi an haura awa shida da ya kashe wayar, shiru.

Goggo, ƙanwar Baba, wadda tun farko ba ta son haɗin, ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙirga da yatsu.

"Ko a jaki ya tafi ai ya isa. Yarinya, wannan ko filin jirgin bai leƙa ba. Wata ce ta riƙe masa jaka."

Auta ta koma kan wayarta. Ta duba labarai ko wani jirgi ya faɗi, babu. Ta rasa wanne za ta roƙa, ya zama maƙaryaci da ransa, ko mai gaskiya a ƙarƙashin teku. Kuka ya ƙwace mata.

Daga falo ta ji Baba yana neman lambar kawun Injiniya. Ta fito ba ko takalmi ta zube gabansa.

"Baba, don Allah awa ɗaya. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Goggo ta ce ai shi ya sa ya ƙware, tunda ba a taɓa kama shi ba. Baba ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya kife wayar a kan kujera. Awa ɗaya, ya ce, ba ƙari.

Saura kaɗan ta cika sai wayar Auta ta ɗauki ƙara. Bidiyo ne. Ga Injiniya, idanu jawur don gajiya, mutane na jan akwatuna a bayansa.

"Ina ka shiga?" in ji Auta. "Ka ce ƙarfe ɗaya."

"To ai ɗayan ce yanzu."

Ya juya wayar zuwa agogon bangon filin jirgin: ɗaya da 'yan mintoci. Ya ɗaga na hannunsa da bai gyara ba: biyar ta wuce. Sai a lokacin ya gane. Ya dafe kai yana ba da haƙuri, ya ce tafiyar awa bakwai ce, tsakanin biranen akwai bambancin awa huɗu, shi kuma bai yi tunanin faɗa ba.

"Sori, Auta. Wallahi sori."

Goggo ta ce ita dai ba ta yarda da ƙasar da agogo ke tafiya da baya ba, ta shige kicin. Baba ya karɓi wayar, ya gyara murya.

"Ɗana, Allah ya kawo ka lafiya. Muna jiranka."

Auta ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Da Baba ya buga wancan kiran, da an raba masoya a kan lissafin da kowa ya rantse daidai ne. Kafin ka yanke wa na nesa hukunci, ka bari ka ji ta bakinsa, don ƙarfe ɗayanka ba lallai ne ya zama nasa ba.