Minti Biyu a Bututun Mai Tabarau

Ranar Alhamis ta gaya masa za ta tafi. A saman bene ne, bayan magariba, idonta ɗaya manne da bututun hangen nesa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Asabar zan tafi, Malam. Sun ba ni aikin."

Mai tabarau ya ce, "Madalla."

Shekara talatin yana cin littattafai kamar gara, abin da ya samo a cikinsu ke nan. Madalla.

Duk ranar da wata ya cika, mutanen layin sukan hau saman benen da shagonsa yake a ƙasa. Ba ƙungiya ba ce, babu shugaba, kowa da kujerarsa ta roba. Shi ya fara abin bayan rasuwar matarsa, da ɗaki ya yi masa ƙunci. Ya haɗa bututun da hannunsa, ya kafa shi kusa da tankin ruwa. Mutane suka biyo shi, domin ɗan Adam ba ya barin mai baƙin ciki ya sha iska shi kaɗai.

Ita nas ce. Mai Latti suke kiranta, don kullum daga asibiti take zuwa, da farin takalminta da warin magani. Shekara takwas ta yi tana jinyar mahaifiyarta. Da tsohuwar ta rasu, yayanta ya kwashe ta zuwa gidansa, wai kada ta zauna ita kaɗai. Bai yi ƙarya ba. Ɗaki ɗaya take kwana da 'ya'yansa uku, ta sauka daga aikin asibiti ta hau na gida.

Ranar da ta fara leƙa bututun, ihu ta yi.

"Kai! Ashe haka wata yake da tabo?"

"Jifa ya sha," in ji shi. "Ga shi nan dai, bai faɗo ba."

Ta dube shi ta daɗe. Wata goma sha ɗaya ke nan.

Bututun yana da hali guda. Ko ka saita wata a tsakiya, cikin minti biyu zai zame ya fice ta gefe, sai an riƙa murɗa wata 'yar ƙusa ana binsa. Kowa shi ke murɗa wa kansa. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ba. Yakan tsaya a gefenta, hannunsa kan ƙusar, yana bi mata a hankali. Iyakar zancen da ya taɓa zuwa ke nan.

"Mai Latti, gari mai nisa fa!" mai kemis ya ɗago murya daga kujerarsa. Sau biyu yana aike gidan yayanta neman aurenta, yayan kuma yana so. "Ki zauna mu haɗa jari, ke allura ni ƙwaya!"

"Allah ya ba ka mai shan ƙwayarka," ta ce.

Aka kwashe da dariya. Mai tabarau bai yi ba.

Ta rage murya.

"'Yarka ta zo wurina a asibiti."

Ya juyo ya dube ta.

"Da ladabinta ta zo, har da durƙusawa. Ta ce, Anti, ki ji tausayin Baba. Har yau mayafin Mama yana rataye a bayan ƙofarsa, ko ƙura ba ya bari ta hau shi. Ta ce duk wadda ta shiga ɗakin nan baƙuwa ce."

"Yarinya ce..."

"Yarinya mai 'ya'ya biyu? Ba ita nake tambaya ba, Malam. Yaya ya ce in na tafi, kada in ƙara taka gidansa. In na zauna kuma, ga mai kemis. Kowa ya faɗi nasa. Saura mutum ɗaya."

Ya gyara tabaransa. A shago, aikinsa shi ne ya sa wa mutum gilashi ya tambaye shi, wannan ya fi ko wancan? Bai taɓa gaya wa kowa abin da shi yake gani ba.

"To ke wanne kika ga ya fi miki?"

Ta yi 'yar dariya mai ɗaci.

"Ka ɗauke hannunka daga ƙusar nan."

"Zai gudu."

"Na sani. Ka zaci ban san kai kake riƙe min shi ba? Ɗauke. Ina nan har ya fita. In kana da magana, ga ni."

Ya ɗauke hannunsa.

Maganar tana nan, a shirye. Ya jera ta a gaban madubin shago, ya gyara ta a kan matakala. Amma sai ya ga fuskar 'yarsa. Ya ga furfurar kansa. Ya ga wannan mata da ta fito daga jinyar shekara takwas, ya lissafa shekarun da suka rage kafin ta fara tasa. Mai karatu ba ya rasa hujjar tsoro.

"Ya kai rabi," ta ce a hankali.

"Kin ga babban ramin can na ƙasa?" in ji shi. "Masana sun ce faɗinsa ya kai..."

"Malam..."

"...ya kai a zuba garin nan gaba ɗaya a ciki."



Can ƙasa wata mota ta yi ta danna ham. Wani ya nemi a miƙo masa shayi.

"Ya fita," ta ce.

Ya miƙa hannu zai dawo mata da shi, ta tare.

"Bari."

Ta laluba ta kama ƙusar. Ta murɗa baya, ta ɓata, ta yi tsaki, ta murɗa gaba. Sai farin haske ya sauka a kan ƙwayar idonta, yana gani daga inda yake tsaye.

"Ga shi!" in ji ta. "Ashe ni ma na iya..."

Ta bi shi ita kaɗai minti biyar cur. Sannan ta miƙe, ta goge idon da gefen mayafinta, ta ce hasken ne.

"A can ma akwai wata ai, ko Malam?"

"Shi ne dai guda ɗayan."

"To ka gani. Sai wata rana. Ka gaida 'yarka."

Ya ji ƙarar farin takalmin a matakala, hawa uku, har ta ɓace.

Ranar Asabar ya buɗe shago da wuri, ya gwada idon mutum tara. Daga baya ya ji an ce ta kama ɗaki nata na kanta, mai taga babba, kuma ta yi ƙiba. Mai kemis ya auri wata. 'Yarsa takan zo ranar Lahadi ta share masa ɗaki ta koma gidanta. Ba ta taɓa duba bayan ƙofa ba. Da ta duba, da ta ga ƙusa ce kawai a wurin.

Har yanzu yana hawa saman benen duk wata. Kowa ya murɗa wa kansa, shi ya tsaya gefe, hannu a aljihu. Maganar da ya kasa faɗa mata, ya auna ta da agogo sau da yawa. Ko daƙiƙa biyar ba ta kai ba.

"Na ninke mayafin tun watan jiya, abar ƙaunata. Kada ki tafi."