Abin da Bakin Roba Ya Faɗa

Ranar da Despina ta fara aiki a tsohuwar masaƙar safa ta unguwar Brunswick a birnin Melbourne, inda ake shirya "Gwanjon Taurari", ta yi laifin da ba a yafewa a gidan. Ta shigo ɗakin ɗaukar hoto da ɓaure a baki tana kalle-kalle, sai ƙugunta ya bugi tebur.

Shirin na manya ne, 'yan tsanar roba ke kwaikwayon mawaƙa da 'yan fim da alƙalan gasar talabijin, ana yi musu tsiya iya tsiya. Ita kuwa 'yar tsana ba ta motsi da kanta. Sai a gusa hannunta ɗan ƙiris a ɗau hoto, a sake gusawa a sake ɗauka, har motsi ya haɗu. Duk wanda ya bugi tebur ya kashe wa wani wuninsa.

Hamish, wanda aka kashe wa wunin, ya ɗago daga bayan kyamara zai yi masifa. Sai ya ga manyan idanu biyu sun zazzaro, ga ɓauren bishiyar bayan masaƙar a bakin mai su.

"Jama'a, wa ya bar taga a buɗe?" ya ce. "Posam ta shigo mana."

Posam ita ce dabbar nan mai manyan idanu da ke satar 'ya'yan itace a bayan gidajen Melbourne. Despina ta haɗiye ɓauren da ƙyar.

"Don Allah ka yi haƙuri. Ni ce sabuwar mai yin bakuna."

"To, ki yi wa kanki wanda ya iya ba da haƙuri da gahawa. Wannan na yanzu bai biya ba."

Ta sayo gahawar, sunan kuma ya bi ta.

Aikinta ƙera bakuna ne. Kowace 'yar tsana tana da akwatinta: rufaffen baki, zagayayye, mai nuna haƙora, wangalalle. Ana fara naɗar murya, sannan mai motsa 'yan tsana ya riƙa cire wannan baki yana maƙala wancan, har leɓe ya dace da magana. A nan Hamish ya fi kowa. A gidan ana cewa gara a ce rana ta makara da a ce bakin da Hamish ya ɗora ya saɓa wa murya.

Soyayyarsu ta tafi irin aikinsu, ɗan ƙiris ɗan ƙiris. Yana aiko mata da saƙo daga ɗakin da bango ɗaya ya raba su.

"Posam, bakin murmushi ya ɓace daga akwati. Ina zargin yana wurinki."

"Yana nan. Zo ka karɓa in ka isa, Dogo."

"Ba na karɓa. Kallo kawai zan zo yi."

Tegan, mai tace hotuna da ɗora sauti, tana ganin komai. Ita da Hamish sun taɓa nema a da, abin ya mutu a wurinsa, a wurinta kuwa suma ya yi. Kullum da fara'a take gaishe da Despina, fara'ar da ba ta wuce haƙora.

Matsalar da Despina ta sani tana unguwar Oakleigh, a shagon kifi da soyayyen dankali na mahaifinta Manolis. Shekarun baya, bayan rasuwar matarsa, Manolis ya shiga gasar waƙa ta talabijin don ya rera waƙar da ya yi mata ranar aurensu. Kuka ya shaƙe shi a tsakiya, murya ta karye. Alƙalai suka tuntsire da dariya, bidiyon ya zaga ƙasa, yara suka riƙa kwaikwayonsa a ƙofar shago. Tun daga nan bai ƙara waƙa ba, ko a coci. Hamish kaɗai Despina ta ba wannan labari, don ya tambaye ta wace waƙa ce take yawan rerawa ƙasa-ƙasa in tana aiki.

Da ta kawo shi gida, Manolis ya goge hannu a rigar aikinsa, bai miƙa ba.

"Kukla," ya ce, sunan da yake kiranta da shi ke nan, wato 'yar tsanata. "Mutumin da dariyar mutane ce abincinsa, ranar da ya ji yunwa ke zai ci."

"Baba, manyan taurari muke tsokana, ba talakawa ba."

"Ni ma na taɓa zama tauraro, na minti kaɗan."

Hamish ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, na yi maka alkawari. Babu ranar da wani na gidan nan zai zama abin dariya a hannuna."

"Alkawari a bakin mai canza bakuna," in ji Goggo Voula, ƙanwar Manolis, tana juya dankali a mai. "Sai mu gani."

Hamish bai yi zuciya ba. Yana zuwa duk Asabar ya feraye dankali har hannunsa ya yi kanta, har Manolis ya fara ajiye masa jelar kifi mafi kauri. Sai dai a 'yan makonnin nan Hamish ya fara ɓacewa ranar Lahadi, wai aiki ya yi yawa. Despina ta lura wasu bakuna suna raguwa a akwatunanta, ta ɗauka ɓarnar 'yan aiki ce.

Da kashin ƙarshe na shirin na shekarar ya fito, a ciki aka fara rubuta sunanta a matsayin shugabar sashen fuskoki. Ta roƙi mahaifinta ya kalla, ko sau ɗaya. Ya yarda. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ya rufe shago, ya gayyato abokansa tsofaffi, ya sa farar riga. Despina ta haɗa wayarta da talabijin ɗin bango.

Sun yi dariya, har shi. Sai dab da ƙarshe wani guntu ya shigo wanda ba ta taɓa gani ba.

Shagon kifi ne na kwali. Ga ɗan tsana mai gashin baki da rigar aiki, yana goge hannu a ciki kamar yadda Manolis ke yi. Ga wata mai manyan idanu a gefensa. Ga wani dogo ya durƙusa a gabansu yana magana da siririyar murya: "Na tuba, tsoho! Ɗauki mota, ɗauki gida, kar ka yi waƙa!" Tsohon ya dafa ƙirji, ya wangale baki, sai muryar Manolis ta gaske ta fito, wadda ta karye a gasar nan. Mai manyan idanun ta rufe fuska da hannu biyu.

Wani tsoho ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Manolis ya tashi a hankali, ya shiga bayan shago. Suka ji ya kunna famfo, ya bar ruwa yana zuba.

Despina ba ta buƙaci a gaya mata wanda ya yi ba. Kowane mai motsa 'yan tsana yana da hannunsa kamar rubutu, wannan ɗan jinkiri kafin ɗan tsana ya ɗaga kai, Hamish ne kaɗai ke yin sa. Ga kuma bakunanta da suka ɓace. Da kayanta aka yanka ubanta, kuma ita ta jawo shi gaban abokansa ya zauna ya kalla.

Wayarta ta yi ƙara.

"Posam, yanzu na gani. Don Allah ki ɗauka, ba haka abin yake ba."

Ta rubuta: "Tambaya ɗaya. Hannunka ne ko ba hannunka ba?"

"Hannuna ne. Amma ki saurare ni."

"Na ba ka abin da ban taɓa ba kowa ba, ka kai shi gwanjo. Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

Ta toshe lambarsa. Washegari ya zo shago, Goggo Voula ta tare ƙofa da ludayin mai.

"Ka ƙara taku ɗaya in soya ka da gari. Tir da halinka!"

Despina ta daina zuwa aiki, ta koma naɗe kifi a takarda. Ba ta yi kuka a gaban mahaifinta ba, shi ma bai ce "ai na gaya miki" ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Yara sun sake fara leƙo shago suna dariya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu in waya ta yi ƙara zuciyarta sai ta zabura.

Talabijin ɗin shago kullum a kashe sautinsa yake, saboda ƙarar mai. Wata rana da azahar wani shirin tsegumi ya ɗauko guntun ya sake nunawa. Despina ta miƙa hannu za ta canza tasha, sai idonta ya tsaya a kan bakin dogon ɗan tsanan.

Rufaffe. Zagayayye. Haƙora. Rufaffe.

Ta ajiye takardar hannunta. Ita ta ƙera bakunan nan, tana karanta su kamar yadda ake karanta allon hanya. Babu kalmar da ta yi kama da wannan a cikin "na tuba, tsoho". Kuma Hamish ba ya saɓa leɓe da murya. Ta ciro wayarta, ta kashe sauti, ta kalla daga farko a hankali. Posam, in ji bakin. Ta bi sauran kalma bayan kalma, sannan ta zauna a kan buhun dankali.

Ko rigar aiki ba ta cire ba ta hau jirgin ƙasan cikin gari zuwa Brunswick. Ta tarar da Tegan a gaban kwamfuta.

"Ke kika ɗora muryar."

Tegan ta ɗaga kafaɗa. "Na tsinci guntun a kwamfutar wurin aikin nan, muna da giɓi a ƙarshen shiri, na cike. Meye? Dariya ce fa. Uban wa ba mu taɓa ba a gidan nan? Naki ne mai ƙaho?"

Maganar ta soki Despina, don akwai gaskiya a ciki, ita ma ta ƙera bakunan da aka tozarta iyayen wasu da su. Amma ta dubi Tegan cikin ido.

"Kin ga mutum a durƙushe, kin san abin da yake roƙo. Shi ne ya ƙona ki, ba giɓi ba."

Hamish ba ya nan. Aka ce ya yi rigima har an cire guntun daga shirin, sannan ya ajiye aiki. Ta bi shi gida, ta same shi a ɗakinsa, ya rame, gemu ya cika fuska.

"Na karanta leɓen," ta ce. "Amma ka yi siffar ubana bayan ka yi alkawari, ka bar ta inda kowa zai ɗauka."

"Na yi. Wautata ce, ba ni da bakin karewa. So na yi in roƙe shi da abin da na iya, don in na tsaya a gabansa harshena ɗaurewa yake."

"To, tashi ka aske. Yau zai kwance."

Goggo Voula ta ɗaga ludayi da ta gan su, Despina ta riƙe hannunta. Ta haɗa wayar da talabijin, babu sauti.

"Baba, ka ƙara kallo sau ɗaya. In ka ce ya tafi, har abada ya tafi."

Ɗan tsana ya durƙusa. Hamish ma ya durƙusa a kan daɓen shago mai maiƙo, ya fara magana, kowace kalma tana faɗawa daidai bakin roba.

"Ranka ya daɗe, ni ba kowa ba ne, wasa da 'yan tsana na iya. Amma 'yar tsanarka ba ta wasa ba ce a wurina. Ka ba ni ita. Posam, za ki aure ni?"

A bango mai manyan idanu ta rufe fuska da hannu biyu. A ƙasa Despina ma haka ta yi, hawaye na bi ta tsakanin yatsu.

Manolis bai kalle su ba. Idonsa na kan tsohon da ya dafa ƙirji yana buɗe baki a shiru.

"Shi kuma wannan, me yake cewa?"

"Ban sa masa murya ba," in ji Hamish. "Babu mai ita sai kai."

Despina ta share ido ta bi leɓen. "Waƙar Mama ce, Baba. Har ƙarshe. Bai tsaya a inda ka tsaya ba."

Manolis ya goge hannu a riga.

"Tashi, ka ɓata wando," ya ce. "Ban yafe ba tukuna. Akwai dankali buhu guda a baya."

Ya ɗauki watanni kafin ya yafe, Hamish kuwa ya feraye abin da zai ciyar da unguwa. Bayan bikin Ista aka ɗaura auren a cocin Oakleigh, limamin cocin ya ɗora musu kambin fure biyu da zare ɗaya ya haɗa. Da safen ranar saƙo ya shigo wayar amarya.

"Posam, bakin murmushin nan har yanzu ban same shi ba."

"Yau zan kawo maka, Dogo. Ka riƙe da kyau, babu wani a akwati."

A wurin walima, ana tsakiyar cin gasasshen rago, Manolis ya miƙe. Babu kiɗa, babu makirufo. Ya dafa ƙirji ya fara waƙar matarsa. Da ya iso wurin nan muryar ta karye, daidai inda ta karye a da. Ba wanda ya yi dariya, Goggo Voula ta cusa mayafi a baki.

Ya ja numfashi, ya dubi 'yarsa, ya ci gaba har ya kai ƙarshe.

Sannan ya ɗora hannu ɗaya a kan amarya, ɗaya a kan ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu manyan idanu," ya ce. "In za ku yi dariya, ku yi ta tare. Kukla, na ba shi ke. Kai kuma, ɗana, ka kula da teburin nan, kar ka bari kowa ya buga."