Goron Da Aka Mayar

"Kar ki taɓa, Azara! Mu tafi, lori zai bar mu!"

Azara ta fizge hannunta daga na yayarta Awawu, ta ɗauki goro ɗaya.

Tsohon ɗakin ajiyar doya ne a Salaga. Fadlullah, tsohon saurayinta, ya rataye ƙore cike da goro tun daga rufi har ƙasa, wai zanen nasa ke nan, ba fenti ba takarda. Ƙa'idar guda ce: duk wanda ya shigo kallo ya ɗauki goro ya miƙa wa wanda ya ɓata wa rai. In an karɓa, aiki ya cika.

Irin wannan sana'ar ce babanta, dillalin shanu a Bawku, ya kira shiririta ranar da ya mayar da goron neman aurenta. Da aka kawo nunin Bawku kuwa, ƙawarta Asiatu ta rantse mata cewa goron da aka mayar ne ya baje don a yi wa gidansu dariya. Azara, sarkin zuciya, ta hau ta zauna, ko leƙawa ba ta yi ba. Sai da ta ji Asiatu tana aika masa abinci sannan idonta ya buɗe.

Yau ga Fadlullah nan tsaye a jikin bango, ya rame.

"Masoyina..." Ta miƙa masa goron da hannu biyu.

"Azara? Ke ce?"

"Ni ce. Ka yafe mini... ƙarya aka mini!"

"Saboda ke na kai aikin nan Bawku. Kullum ina bakin ƙofa. Ba ki zo ba koraa, ko sau ɗaya."

"Ga ni yanzu! Baba ma ya sauko, wallahi ya ce ka turo!"

Ya sunkuyar da kai.

"Kin yi latti, Azara. An ɗaura mini aure Juma'a, a Yendi. Da 'yar kawuna."

Da ta sani! Tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba, ita ta ƙi yi.

A hankali ya karɓi goron, ya ɓare, ya kai baki.

"Na yafe, abin ƙaunata. Har zuciya."

Nan take 'yan kallo suka kaure da tafi, wasu har da ɗaga waya don ɗaukar hoto, su a ganinsu masoya sun shirya.

Awawu ta jawo mayafi ta rufe mata fuska.

"Daure, 'yar uwa. Ki bari mu fita tukun."