Mai Kek da Mai Gyaran Wuta

Ranar da oven ɗinta ya mutu, kek uku ne ke jiran gashi. Mai Kek, kamar yadda kowa a layin yake kiranta, ta kira wani mai gyaran wuta da maƙwabciyarta ta ba ta lambarsa. Ya iso da jakar kayan aiki, ya durƙusa bayan oven ɗin yana kwance sukurori, yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa.

"Malam, gyara ka zo yi ko sujada?" ta ce.

"Duka biyun, Madam." Ya ɗago yana dariya. "Ashe kin san waƙar?"

"Da can," ta ce, ta juya kan kwanon fulawarta.

Shekara biyu ke nan rabonta da coci. An taɓa sa ranar aurenta, har an raba kati, saura sati biyu iyayen saurayin suka aiko cewa ɗansu ba zai auri mai ɗingishi ba. Shan inna ne ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama. Saurayin kuwa bai tsaya mata ba. Ta kasa jure kallon tausayin mutane, ta daina zuwa, addu'a ma ta gagare ta.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Madam Sukari, ya jikin oven? Ko tari ya yi, ki kira ni."

Ta amsa: "Lafiyarsa ƙalau, Injiniya. Kai ne dai kake neman dalili."

"An kama ni," ya rubuto.

Daga nan soket ɗin shagonta ya sha dubawa ba gaira ba dalili. Wata yamma tana shafa kirim a kan kek ta ba shi labarinta duka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Su ne suka ƙi ki, Sukarina. Yesu bai aiko da wannan saƙon ba."

Lahadin da ta biyo baya ta je cocin da yake zuwa, ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, don in abin ya yi mata nauyi ta sulale. Da aka ɗauki waƙa ta biyu sai ta ji muryarta a ciki, hawaye na bin kumatunta. Ba ta fita ba sai da aka tashi.

Bayan wata shida ya kai maganarta gida. Mahaifiyarsa ta ɗaure fuska. "Wadda aka fasa aurenta? Ka ƙara tunani dai."

Bai ɓoye wa Mai Kek ba. Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa. A na uku ta rubuto: "Wancan karon ɓuya na yi. Na yi addu'a, wannan karon ba zan ɓuya ba. Ka gaya wa Mama ina zuwa gaishe ta."

Ta samu tsohuwar a falo tana gyara tsintsiya. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ta.

"Mama, ga ni, ga ƙafar. Da ita nake tsayuwa tun safe har yamma ina aikina. Ban zo roƙo ba. In kin ce a'a, zan yi kuka, amma ran Lahadi za ki gan ni a coci."

Tsohuwar ta dube ta, ta ajiye tsintsiyar.

"Tashi, 'yata, ƙasan nan da sanyi. Ni ce ya kamata in ji kunya." Ta jawo ta kusa da ita kan kujera. "Wai me kika gani a jikin wannan mai surutun?"

Dariya ta ƙwace musu su biyun.

Ranar auren coci ya cika har waje. Fasto bai gama tambaya ba ango ya ce "Na yarda," jama'a suka fashe da dariya. Da aka zo sa albarka, mahaifiyarsa ta riga kowa miƙewa, ta ɗora hannu a kan amarya.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya cika gidanku da 'ya'ya. Kai kuma, in ka sa ta kuka, da ni za ka yi."

"Amin!" coci ya amsa baki ɗaya, amarya ta fi kowa ɗaga murya.