Baƙin Cikin Kwalin Ashana

'Yardada, dillaliyar zannuwa a Dukawuya, ta yi asarar ciniki da barci mai daɗi. Amma ta ga abin da tsararrakinta ba su taɓa gani ba. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya ci galabarta a ciniki. Sai jikarta ta jawo mata.

Yarinyar ta dawo daga makaranta tana tsalle.

"Kaka! Ashe ƙuma ma tana da suna biyu! Ta jikin mutum sunanta Pulex irritans. Na farko sunan danginta, na biyu nata. Malam Ismail ya ce ma'anarsa ƙuma mai sa ƙaiƙayi!"

"Ƙuma har da sunan yanka? Wa ya yanka mata rago?" in ji 'Yardada.

Abin da yarinyar ba ta faɗa ba shi ne, Malam ya ce a kawo ƙuma a duba a madubin likita, amma a rufe ta ruf a kwalba. Ba ta sami kwalba ba. Ta karkaɗe tsohon buhu a garken awaki, ta tara ƙuma a kwalin ashana, ta ɓoye a ƙullin zannuwan Kaka.

Da safe kwali wayam!

Da hantsi Hajiya Uwani ta zo sayen zanen biki. Tana yafawa ta fara susa.

"'Yardada, zane kike sayarwa ko cizo?" Ta yar, ta fice.

Da 'Yardada ta tsinci kwalin a ƙullin, ta gane aikin jikarta ne, ta rantse sai yarinyar ta bar ajin kimiyya. Yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura. Washegari Malam Ismail ya zo ban haƙuri.

"Baba, laifinta ɗaya: ta ɓoye miki. Za ta wanke zannuwan da ruwan zafi, ta shanya a rana."

"Albarka! Bai saya ba."

"Ta share ɗaki, ta ƙone buhun."

"Ƙara dai, Malam."

Yarinyar ta durƙusa. "Kaka, ki yafe. Na gane ba a ajiya a kayan mutum sai da izininsa. Amma ga guda na kama a kwalbar da Malam ya ba ni. Malam ya ce ta kyanwa tana da ƙayoyi a kai kamar mataji, ta mutum ba ta da su. Sai an duba ake sanin sunanta."

'Yardada ta ƙura wa kwalbar ido. Ɗigo ne baƙi, yana tsalle.

"Wannan ɗan mitsitsin har da mataji?"

"Wallahi, Kaka! Madubin yana mai da ita kamar fara!"

'Yardada ta gyara ɗaurin kallabi.

"To, ga farashina. Wanki da shara suna nan daram. Sannan gobe ku kai ni makarantar, in ga fuskar wadda ta kore min Hajiya Uwani, in kira ta da sunanta. A haka na sallama!"