Uwar Kwamfuta

Ana saukowa daga Juma'a Nasrullahi mai shagon gem, inda samari ke wasan kwamfuta, ya faɗo caji ofis na Daura yana haki.

Sufeto Zailani ya ajiye cokalin shinkafarsa. Mutum ne da ba ya son a katse masa abinci, amma ya fi ƙin ganin babba yana shirin kuka.

"Nutsu, malam. Me aka ɗauka?"

"Uwa da katin hoto, Yallaɓai. Sababbi fil, a kwalinsu. Jiya aka kawo min daga Kano."

"Uwar wa?"

"Ta kwamfuta. Allon da ake dasa komai a kansa. Katin kuma shi ke fito da hoton wasa. Tawa ta tsufa, sababbin wasanni sun fi ƙarfinta."

Suka tafi tare. Shagon tsohon zaure ne da aka mayar wurin wasa. Kwaɗon waje lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar na kan tebur, an zare wayoyinta, an buɗe cikinta kamar ragon da ake feɗewa. Ga talabijin, ga wayoyin mutane a caji, ɓarawon bai taɓa ba.

Sufeto ya nuna wata ƙofa a bango. "Wannan fa?"

"Cikin gida take shiga. Tun da Inna Barakatu ta ba ni zauren ba a taɓa buɗe ta ba."

Sufeto ya duƙa. A ƙarƙashin tebur akwai kujera 'yar tsugunno, irin ta mata, ta sha zama har tana ƙyalli.

"Samarinka ne ke zama a kan wannan?"

Nasrullahi ya sosa ƙeya. Ya ce yana ganinta, bai taɓa tambaya ba.

"Kwamfutar taka ce?"

"Ta Zulkifilu ce, ɗan Inna, abokina. Ya bar min ita da zai tafi Libiya. Tun daga Agadas ba a ƙara jin muryarsa ba."

Daga nan Sufeto ya nufi rumfar Harisu mai gyara, wanda aka shirya zai sa kayan. Ya tarar da shi yana hura wata tsohuwar fanka.

"Yaushe rabonka da shagon?"

"Ni? Wallahi ko taɓa kwamfutar ban yi ba."

"To aljani ne ya kwance ta? Sukundirebarka tana can, da sunanka a jiki."

Harisu ya ajiye fankar. "Na je da safe, Yallaɓai. Amma kaya a kwali na bar su. Tsoro ne ya sa na ɓoye."

"Me ka yi?"

"Na wanke ta, sannan na kwance."

"Da ruwa?"

"A'a, na goge duk abin da ke cikin ma'ajiyarta. Tsofaffin wasanni, komai. Sabuwar uwa ta fi son a fara daga farko."

"Wa ya ji kuna maganar?"

"Babu kowa." Ya goge hannu da tsumma. "Sai dai jiya, da nake ce wa Nasrullahi za mu cire uwar mu jefar, na ji kwano ya faɗi a bayan ƙofar nan."

Sufeto bai ji daɗin wannan amsa ba. Ya fi son ɓarawo mai jajayen idanu, wanda za ka kama ka koma kan abincinka. Ya ɗauki Kofur Adama suka koma gidan da zauren yake, ta shiga ta nema masa iso.

Inna Barakatu na zaune a tabarma tana tsince wake. Ƙaramar tsohuwa ce, tsaf da ita.

"Inna, barka da Juma'a. Ina kujerarki, kike zaune a ƙasa?"

"An ara, ɗan nan."

"Wa ya ara?"

Ta ci gaba da tsintar wake, tana zubar da mai kyau tare da tsakuwa.

"Inna, sakatar ƙofar zaure ta ɓangarenki take, kuma ta sha mai."

Ta ture faifan. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshi a cikin zanen sallah, ta ajiye a gabansa. Kwalaye biyu ne, ko ledarsu ba a yage ba.

"Ni na ɗauka. Kada a wahalar da yaran nan."

"Don me, Inna?"

"Zulkifilu yana ciki."

Kofur Adama ta dubi Sufeto.

"Cikin wasan ƙwallon nan ya yi mutum da kamanninsa," in ji Inna. "Wushiryarsa, kunnuwansa, har sunansa a bayan riga. Kafin ya tafi ya koya min: danna nan, Inna, sai nan. Duk Juma'a idan maza sun tafi masallaci, in akwai wuta, sai in shiga."

"Ba ki da hotonsa ne?"

"Ina da shi. Hoto a tsaye yake kamar gawa. Wannan kuwa yana gudu, yana ɗaga hannu. Idan ya faɗi yana tashi." Ta shafa kwalayen. "Kewarsa nake yi, ɗan nan. Ban san ko yana raye ba, ba a kawo min gawa ba balle in haƙura. Sai na ji za a cire uwar. In an raba ɗa da uwa, ina zai zauna? Na ce in babu sabuwar, dole su mayar da tsohuwar."

Nasrullahi, da ya biyo su yana tsaye a bakin ƙofa, ya fashe da kuka. "Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba? Yallaɓai, na janye, wallahi na janye."

"A ofis za ka janye," in ji Sufeto a hankali. "An riga an shigar da ƙara. Inna, za mu je ki ba da bayani, ni da kaina zan dawo da ke."

Ta yafa mayafi ba gardama. Ta cikin zauren suka bi. Da ta zo daidai tebur sai ta tsaya.

"Tunda na mayar da kayan, ka ce su haɗa min ita. In gan shi sau ɗaya kafin a canza."

Sufeto ya tuna da maganar Harisu, cewa ya goge komai. Ya sha gaya wa mutane mutuwar 'yan'uwansu ido da ido, amma yau bakinsa ya yi nauyi.

"Babu wuta, Inna."

Ta ɗaga kai. Fankar sama tana juyawa, har tana kaɗa bakin mayafinta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta dubi fuskarsa.

"Ashe ya riga ya tafi."

Ta shafa gilashin kwamfutar da tafin hannu.

"Allah ya kai ka lafiya, Zulkifilu," ta ce.

Kofur Adama ta kama hannunta, suka fita zuwa mota.