Kofin da Ke Ƙugiya ta Ƙarshe

Kun gan shi, kada wani ya ce mini bai gan shi ba. Shekara uku Gethin yana shigowa mashayar Farin Rago duk Lahadi bayan an taso daga coci, ya zauna a teburin bakin ƙofa inda sanyi ke dukan mutum, ya ci miyar rago da dankali shi kaɗai. Ku kuna can gindin murhu, kowa ya ba shi baya. Ni ma da na dawo daga jami'a na same ku a haka, na kuwa yi wata guda ina kawar da kai tare da ku.

Sunana Tegwen. Babana Emlyn ne mai mashayar, kamar yadda babansa ya riƙe ta kafin shi. A saman kantarmu akwai ƙugiyoyi talatin da biyu, kowace da kofin kuza rataye. Duk wanda ƙauyen Bryncoed ya karɓa a matsayin nasa, Baba ne ke buga masa ƙugiya da hannunsa. Gethin ba shi da ko ƙusa.

"Baba, me ya yi muku ne?" na tambaya wata rana ina goge kanta.

"Girman kai gare shi."

"Mai gyaran katangar dutse? Wanda ke yini cikin ruwan sama?"

Kawu Iolo, tsohon makiyayin da ya fi kujerun mashayar daɗewa a cikinta, ya ajiye kofinsa. "'Yar boko, saurara. Ranar askin tumaki ya fara shigowa nan. Ubanki ya sayi zagaye, ya zuba wa kowa giya, har da shi baƙon. Yaron nan ya tura kofin gefe ya ce a ba shi shayi. Shayi! A zagayen mai gida!"

"Shi ke nan laifin?"

"Yo akwai wanda ya fi shi? Ko limamin coci ba ya mayar da kofin Emlyn."

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ba ya shan giya, me ke kawo shi mashaya duk mako? Sai na fara lura da shi. Yakan gutsura burodi a cikin miya, ya yanka cuku ƙanana ya zuba a kai, amma idonsa ba ya kan kwano. Yana can sama, kan kofin da ke ƙugiya ta ƙarshe, wanda tun ina ƙarama ban taɓa ganin an sha da shi ba. Baba dai yakan sauke shi duk Asabar ya goge, ya mayar.

Ranar da na kasa haƙuri, na ɗauki kwanona na zauna a gabansa. Hira ta tsaya cak a gindin murhu.

"Za ki jawo wa kanki magana," ya ce a hankali.

"Na saba. Me kake kallo a sama?"

"Rufin. Yana yoyo."

"Ƙarya kake!"

Ya yi murmushi, wani ɗan rami ya fito a kumatunsa. A nan na san na shiga uku.

Daga ranar na koma kai masa shayi a kan tudu inda yake ɗora duwatsu. Yana da wani kofin tasa fari, duk bakinsa ya ɓantare, da shi kaɗai yake sha. Ya koya mini yadda ake juya dutse har ya sami wurin zamansa. Ni kuma na cika masa kunne da surutun yadda zan gyara ƙauyen nan. Kafin a sake askin tumaki ya riƙe hannuna ya ce, "Tegwen, rabin raina... ina son ki, amma akwai abin da ba ki sani ba."

"Kana da mata?"

"A'a! Kofin nan da ke ƙugiya ta ƙarshe na babana ne. Hywel."

Na san sunan. Duk wanda ya tashi a Bryncoed ya san Hywel mai waƙa, aminin Baba, wanda ake cewa muryarsa na sa tsofaffi kuka.

"An ce ciwo ne ya kashe shi," na ce.

"Hanta ce. In ya yi waƙa sai wani ya sayi zagaye, in ya sake yi wani ya saya. Ba wanda ya taɓa ce masa ya isa, tashi ka tafi gida. Ina shekara biyar Mamata ta ɗauke ni muka koma wajen danginta, na tashi da sunan gidansu. Na zo ne in ga ɗakin da ya fi mu daɗi a wurinsa."

"To ka gani?"

"Na gani. Akwai ɗumi, akwai dariya. Ban ma iya jin haushinsa yanzu."

Na ce ya bari in faɗa wa Baba. Ya ƙi. Ya ce ba ya son a karɓe shi don tausayi.

Da na gaya wa Baba zan auri Gethin, tawul ɗin hannunsa ya jefar. "Wanda ya raina ni a gaban mutane? In kin aure shi, ba da yawuna ba, kuma ba a ƙarƙashin rufin nan ba!"

Tun rasuwar Mama ni kaɗai gare shi. Mun yi kwana huɗu ba ma magana sai ta kwanuka.

Ranar Lahadi mashaya ta cika, miya na tafasa. Gethin ya shigo, amma bai zauna a bakin ƙofa ba, ya zo har gaban kanta.

"Baba Emlyn, na zo neman auren Tegwen."

Baba ya cika kofi da giya har kumfa na zuba, ya tura gabansa. "Sha. Sannan mu yi magana."

"Kurɓa ɗaya, yaro," in ji Kawu Iolo. "Ba guba ba ce."

Gethin ya ɗaga hannunsa. Na ga ya miƙa shi wajen kofin, saboda ni. Sai na dafe bakin kofin da tafina.

"Kada ka sha! In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Ya dube ni. Sannan ya ɗaga kai ya nuna ƙugiya ta ƙarshe. "Mai wancan kofin bai taɓa mayar muku da zagaye ba, ko sau ɗaya. Ni ɗansa ne. Na yi wa Mamata alkawari a kan kabarinsa ba zan taɓa shan giya ba."

Ba wanda ya motsa. Baba ya zagayo daga bayan kanta, ya kama haɓar Gethin ya juya fuskarsa wajen taga, kamar mai duba ɗan rago a kasuwa.

"Ramin kumatun Hywel..." in ji shi. "Shekara uku kana gabana. Ni na riƙa zuba masa, yaro. Da hannun nan. Ina gani idonsa yana zama rawaya, na ce ai babba ne, ya san abin da yake yi."

Kawu Iolo ya cire hularsa. "Dukkanmu muka saya masa, Emlyn. Waƙar muke so."

Baba ya sauke kofin Hywel, ya miƙa wa Gethin da hannu biyu. "Naka ne. Da ƙugiyar, da... da 'yar, in har tana son mai shan shayi."

"Ina so, Baba!" Hawaye suka hana ni ƙarasawa.

Gethin ya karɓi kofin ya sa a aljihun rigar ruwansa. "Wannan Mamata zan kai wa, ita ta san abin da za ta yi da shi. Ni ina da nawa." Ya ciro farin kofin tasar nan mai ɓantararren baki.

"Wannan abin za a rataye a tsakiyar kuza?" in ji Kawu Iolo, yana share ido. "Ko karena ba zai sha da shi ba."

Baba ya rataye shi da kansa. Sannan ya zubar da giyar, ya ɗora buta a wuta.

An ɗaura aurenmu bayan an gama tara ciyawa. Amma kada ku ɗauka na huce. Teburin bakin ƙofa yana nan, kuma mako biyu ke nan wata mata da ta kama hayar tsohon gidan niƙa tana zama a can, tana cin miya ita kaɗai. Ba wanda ya san sunanta. Lahadi mai zuwa, ka ɗauki kwanonka da kujerarka ka je ka tambaye ta. In kuma ka sayi zagaye wani ya ce maka a'a, ka janye hannunka ka sa a dafa masa shayi.